Rantsuwar da Ta Maƙale Mini a Wuya

Wata Laraba cikin watan Mayu, ina aji shida a garin Wheaton, can ƙasar waje, na tsaya a dandamalin makarantarmu naɗe da farin zanen gadon Mama a matsayin shigar Girkawa. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin a waje. Babana, wanda ya ajiye tasinsa musamman don ya zo ya ji ni, yana zaune a layin baya.

Malamar tarihi ce ta ba ni jawabi irin na Girkawan dā in haddace. Ta ce idan mai magana yana son alƙalai su gaskata shi, sai ya ɗaga hannu ya kira allolinsu shaida, musamman babbansu mai jifa da aradu. Ni kuwa ranar Asabar malamin Islamiyya ya gama gaya mana, "Duk wanda ya rantse da wanin Allah ya yi shirka." Wayyo ni Hadiza! Na riga na faɗi layin rantsuwar sau uku a ɗakin wanki, ina ninke kayan ƙannena. Mako biyu ina sallah ina tunanin ko ana karɓa, kuma ban gaya wa kowa ba.

Jawabi ya tafi tiryan-tiryan har na iso wurin. Na ɗaga hannu, sai ga tsawa ta girgiza tagogi. Ban san lokacin da na ƙwala "Wallahi tallahi!" ba. Yara suka kwashe da dariya, malama ta hau duba takardarta.

A mota na fashe da kuka, na gaya wa Baba abin da na faɗa a ɗakin wanki, na tambaye shi ko har yanzu ni Musulma ce. Ya gangara gefen titi ya tsaya. "Da kika faɗa, zuciyarki ta yarda da allan nasu?" Na ce a'a. Ya ce, "To karatu kika yi, uwata, ba rantsuwa ba. Share hawayenki."

Yau 'ya'yana a garin Bowie kan rantse sau goma kafin su tafi makaranta, a kan wanda ya shanye madara, ko gezau ba sa yi. Baba ya rasu, tsoron nan ma ya tafi. Amma duk sanda aka yi tsawa ina tuƙi, nakan so a ce yana nan in sake tambayarsa.