Ranar da Rukayya Kyari Ta Fita 'Yar Tinƙe

Rukayya Kyari ba ta iya zama ba. Tun tana yarinya a Gwammaja, in an aike ta sayen kuka, sai ta dawo da kukar da kuma labarin duk gidan da ta wuce. Mahaifinta, Malam Kyari mai wankin hula, jikan Barebarin da suka zo fatauci ne suka zauna. Ya sa ta a boko ba don yana da wani buri a kanta ba, don dai gidan ya sarara da safe. Ta gama sakandare, ta yi makarantar koyon aikin lafiya, aka ɗauke ta a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a Gwale.

A Gwalen ta yi aure. Mijinta Zaharaddeen tela ne, mutum mai shiru, wanda zai wuni a kan keken ɗinki bai furta abin da ya wuce amsa sallama ba. Suna zaune a gidan gado tare da mahaifiyarsa, Hajiya Asibi. 'Ya'ya uku Rukayya ta haifa, Ikram da Mikail da autarsu Ummi, kuma a faɗi gaskiya, bayan Hajiya Asibi suka sani fiye da nata. Da safe za ta shayar, ta miƙa, ta saɓi akwatin rigakafi ta fita. Surukar ba ta taɓa ce mata ina za ki ba.

Aikin rigakafin ne ya kai ta siyasa. Babu lungun da ba ta shiga ba a mazaɓarsu, da alli a hannu tana yi wa bango shaida. Ta san gidan da maigida ke korar ma'aikata, ta san matar da za ta ɓoye jariri a bayan gado, ta kuma san yadda ake fito da shi ba tare da an yi faɗa ba. 'Yan siyasa maza iyakarsu zaure, inda aka rubuta "ba shiga" da gawayi, ƙuri'a kuwa tana can ciki tana tankaɗe. Sai suka nemo Rukayya. Zaɓe bayan zaɓe tana shiga tana fita, tana lallashin mata su fito layi. Idan an ci, a aiko mata da turmin atamfa, kansilan ya canja lambar waya. Suka ba ta shugabar mata ta mazaɓa, muƙamin da aikinsa raba sabulu ne da haɗa masu guɗa.

A wani gidan suna ta fara faɗa, tana wanke hannu bayan cin waina, cewa wannan karon ita za ta nemi kansila. Matan suka yi dariya, da suka ga ba ta yi ba suka bari. Ta ajiye aikin asibiti kamar yadda aka ce mata dole ne. Zaharaddeen ya sayo yadi ya fara ɗinka wa matan tafiyarta hijabai iri ɗaya. Bai gama su ba. Ya faɗi a shago da rana tsaka, aka ce hawan jini ne, bai yi mako a asibiti ba ya rasu.

Rukayya ta shiga takaba, kuma Hajiya Asibi takaba irin ta mutanen dauri ta sani. Babu kwalli, babu sabulu mai ƙamshi, wannan kowa ya yarda. Amma ta ƙara da nata: mai takaba ba ta ɗaga murya, ba ta sauri, kuma ko kewayawa za ta yi sai ta riƙe 'yar wuƙa a hannu, don kada iskoki su raɓe ta. Ta ɗauko wadda ta riƙe da kanta lokacin da mahaifin Zaharaddeen ya rasu, 'yar ƙarama mai ƙotar itace, bakinta duk ya dakushe. Rukayya ta yi aikin lafiya, ba ta yarda wuƙa na korar komai ba. Ta karɓa dai, don matar ta binne ɗanta.

Zaman ne ya fi ƙarfinta. Takan tsince shinkafar da aka riga aka tsince. Takan ninke kayan mamacin, ta warware, ta sake ninkewa. Tana zaune a kan tabarma masu gaisuwa na shigowa, ƙafarta na rawa a ƙarƙashin zane, waya na kaɗawa a ƙarƙashin matashi. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, aka riƙe mata wannan. Ba wanda ya ga lokacin da ta ci karo da hijaban da bai gama ba a cikin leda, da allura a soke a jikin na sama.

Abokin takararta, Salisu dillalin filaye, ya zo gaisuwa. Ya tsaya a zaure ya yi addu'ar da ta fi ta kowa tsawo, har muryarsa na rawa. Bayan kwana kaɗan 'Yardada mai kitso, wadda ita ce hannun daman Rukayya a tafiyar, ta shigo ko takalmi ba ta cire daidai ba. Ta ce dattawan jam'iyya sun zauna sun yanke cewa 'yar tinƙe za a yi, wato kowa ya tsaya a bayan wanda yake so a ƙirga kawuna. Sun kuma ce ba za a karɓi wakili ko hoto ba, sai ɗan takara ya tsaya da ƙafarsa. Salisu ne ya kawo shawarar, wai don gudun rigima. Ranar da aka sa kuwa ko arba'in ɗin mamacin ba za a kai ba.

"Wannan addu'ar tasa da ma na ji ta yi tsawo," in ji Rukayya.

"Ni tun a amin na uku na daina amsawa," in ji 'Yardada. "To yanzu ya za a yi? Matan nan suna jira su ji."

Rukayya ta kira Malam Audu, limamin unguwa, a waya. Ya ce mai takaba tana iya fita da rana idan lalura ta kama, muddin ba ta yi ado ba kuma a ɗakinta za ta kwana. Ta tambaye shi ko wannan lalura ce. Malam ya yi gyaran murya, ya ce wannan ita ta sani, ya yi mata fatan alheri ya kashe.

Sai ta je ɗakin surukarta, ta durƙusa a bakin ƙofa. Hajiya Asibi na yi wa Ummi tsifa, ba ta ɗago ba har Rukayya ta gama.

"Kujera ba lalura ba ce," ta ce.

"Hajiya, shekara nawa ina dafawa maza suna ci. In na bar wannan, ba za su sake barina na matso kusa ba. Shi ma da yana nan..."

"Kar ki sa shi a ciki, ba ya nan." Ta ja kan yarinyar ta gyara mata zama. "Uku na goya miki, ban taɓa tambayarki inda za ki ba. Wannan kaɗai na roƙa. In kika fita, ki nemi mai yi miki reno."

Rukayya ta san matar ba ta magana biyu. Ta koma ɗaki ta zauna, ta tashi, ta share tsakar gidan da Ikram ta share ɗazu. Ta auna abin ta kowace fuska bai canja ba. In ta zauna, tikitin ya tafi, in ta fita, bayan surukar da ya goya mata 'ya'ya ya tafi.

Ranar 'yar tinƙen da hantsi ta fito da koɗaɗɗen hijabi da silifas, fuska ko mai babu. Da ta kai zaure sai ta ga wuƙar na hannunta, don hannun ya riga ya saba. Ta tura ta cikin hijabi ta wuce. Daga gidan zuwa filin makarantar firamare ba nisa, amma ba ta taɓa yin tafiyar da ta gajiyar da ita kamar wannan ba, saboda a hankali ta yi ta, 'Yardada na gefe tana riƙe mata hannu duk lokacin da ƙafar ta so ta ƙwace. Masu shaguna suka bi ta da ido. Wasu suka ce Allah ya ji ƙan Zaharaddeen da ƙarfi, yadda za ta gane ba addu'a kaɗai suke nufi ba.

A filin, matan sun zo, amma sun jeru a jikin katanga cikin inuwa. Ba wadda ta so a ce ita ta fara tsayawa a bayan matar da ta bar tabarmar takaba ta fito neman kujera. Layin Salisu kuwa har ya fara lanƙwasa.

A bakin ƙofa ana laluben kowa saboda 'yan daba. Matar da ke laluben mata ta taɓa ƙugun Rukayya, ta zaro wuƙar ta ɗaga sama. Samarin Salisu suka ɗauki ihu, wai 'yar takara ta zo da makami, a kore ta, a soke sunanta. Ɗaya ya karɓi wuƙar yana yawo da ita yana nuna wa jama'a, yana kwaikwayon sara. Su da gaske suke, ba su taɓa ganin irinta ba. Rukayya ta tsaya tana kallonsu, mai takaba ba ta ɗaga murya.

Tsofaffin da ke jikin katanga sun san wannan wuƙar. Da yawansu sun riƙe irinta wata huɗu da kwana goma. Wata tsohuwa mai dogara sanda ta tako har gaban saurayin, ta miƙa hannu.

"Ba ni nan, ɗan nema. Kakarka ta riƙe irinta lokacin da kakanka ya mutu, ni na kai mata. Wannan ko albasa ba ta yankawa."

Ta karɓa ta danƙa wa Rukayya a tafin hannu, sannan ta zagaya bayanta ta tsaya. Ba don siyasa ta tsaya ba, haushi ne ya tsayar da ita. Sauran suka fara barin inuwa, bibbiyu, uku-uku, suna tsaki suna gyara mayafi. Ɗan takara gaba yake kallo, don haka Rukayya ba ta ga ko ɗaya ba. Jan silifas kawai take ji a bayanta, da muryar 'Yardada tana cewa a matso, a daidaita. Ta tsaya a rana har aka gama ƙirga, aka sake ƙirgawa saboda Salisu ya ƙi yarda. Ta ci da rata kaɗan.

Kafin la'asar ta koma gida. Ta tarar da kayan Ummi a ƙulle cikin zane a ƙofar ɗakinta, da kwanon abincinta da 'yar butarta. Ta ɗauka ta shigar.

Sauran takabar a ɗaki ta ƙarasa ta, 'Yardada da matan suka yi mata yawon neman ƙuri'a, kuma da babban zaɓe ya zo ta ci. Ita ce kansilarsu yanzu. Akwai gidajen da har yau in ta yi sallama sai an ja lokaci kafin a amsa. Da rana takan bar zaman majalisa ta hau adaidaita sahu ta ɗauko Ummi daga makaranta, ta dawo da ita sakatariya, yarinyar ta yi barci a kan sallaya a bayan kujera ana muhawara a kan kwata da rijiyar burtsatse. Kowace safiya tana durƙusawa ta gai da Hajiya Asibi, Hajiya ta amsa da lafiya lau, ta ci gaba da jan carbinta. Ba ta sake karɓar yarinyar ba, Rukayya kuma ba ta roƙa ba.