Yadda Na Auna wa Inna Nisan Bam

Ni ne ɗan farin Inna, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da hakan ke nufi. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. Ina yaro, idan tana son in ci abinci, sai ta gaya wa bango, bangon ya gaya mini. Da na girma, aikin bango ya koma hannun ƙanwata, autarmu, wadda ke zaune da ita a Kano. Don haka duk shekarun da na yi a Dubai, hirarmu ta waya ba ta sauya ba: in kira Auta, ta ajiye wayar a kan tabarma, in yi ta zuba ni kaɗai kamar rediyo, Inna na gefe tana tsintar shinkafa. Can sai in ji ta ce, "Ki ce masa an gode."

Aikina a lokacin a Al Quoz yake, a siton wani kamfanin kago, masu jigilar kaya. Mu ne masu auna kayan 'yan kasuwa, mu ɗaure, mu cusa a kwantena. Zafin siton nan, in ka manta da ƙwai a aljihu da safe, da shi za ka yi abincin rana. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki. Na sha gaya wa Inna cewa in ka hau dogon benen garin, da idon dama kana hango Makka, da na hagu kana ganin 'yan China suna shanya. Na ce mata jirgin ruwa yana tasowa daga gabas ya iso mu shayi bai huce ba. Auta ta taɓa tsegunta mini cewa Inna tana da mudunta na musamman a kaina: duk abin da na faɗa sai ta zubar da rabi, sauran ma ta bushe shi.

A wata shekara rediyo ya cika da labarin Koriya ta Arewa. Yau a ce suna shirin gwada bam a ƙarƙashin dutse, gobe sun cilla makami mai linzami cikin teku. Wata Juma'a ina fitowa daga masallaci sai ga kiran Auta.

"Yaya, Inna ta ce ka dawo gida."

"Lafiya dai?"

"Wai ƙasar nan da ta kulle kanta, mai bam. Sun sake harba wani abu cikin teku. Ta ce kai kuma a bakin teku kake."

Na yi dariya har wani Bapakistane ya tsaya yana tambayata ko a kira mota.

"Yaya, ba wasa take ba. Ta ce kafin azumi."

Nan na daina dariya. Gabanin azumi shi ne lokacin da kowane ɗan kasuwa ke tura kayan Sallah, ko ciwon kai ba a yarda ka yi ba, balle hutu. Wanda ya tafi a lokacin, bizarsa ta tafi tare da shi. Ga ni da furfura da tumbi, wa zai sake ɗaukata aiki a garin da samari ke sauka kullum? Kuma daga albashin nan gidana ke ci, gidan Inna ke ci. Ita kuma maganar uwa ba a mayar da ita. Hanya ɗaya ta rage: in gamsar da ita cewa bam ba zai same ni ba, ta janye da kanta.

Na fara kai ƙara majalisarmu, bakin wani shagon shayi a Al Muraqqabat inda Hausawa ke taruwa bayan la'asar. Shugaban gardama a wurin wani Alhaji ne Bazazzage mai safarar tayil, abokin wasana, wanda tun daga ranar ya laƙaba mini Janar.

"Janar, wannan ai lissafi ne mai sauƙi," in ji shi. "Kwantenata daga can gabas wata guda take yi a ruwa, in an yi sa'a. Ka gaya wa tsohuwa, ko yau suka harbo, kana da lokacin yin aski ka kama jirgi."

"Alhaji, bam ba ya biyo jirgin ruwa."

"To ta sama ne? A garin nan? Sai ya yi layi an ba shi izinin sauka. Kuma da wace biza?"

"Shi ya sa ba a ba Bazazzage riƙon bindiga."

"Ku da aka ba, me kuka harbe ban da farashi?"

Aka yi dariya, aka ƙara shayi. Amma wannan ba abin da zan kai wa Inna ba ne. Sai na duƙufa karatu. Duk hutun rana, abokan aiki na kwance a kan kwali, ni ina jingine da buhu ina bin bayanan masana a waya. A hankali na gane cewa tambayoyin uku ne: suna da shi, zai iya isowa, kuma suna da niyya? Ta farko ba gardama. Ta biyu ce ta ɓata mini ci. Masana na cewa wasu makaman ana jin za su iya tsallake teku su kai Amurka, da na duba taswira kuwa sai na ga mu mun fi Amurka kusa. Ta uku ba wanda ya sani. Kowane bayani da "ana kyautata zato" yake farawa. Ƙasar a rufe take ruf, masu binciken daga sama suke leƙenta, suna ƙirga motocin da suka shiga wani rami da waɗanda suka fito, kamar maƙwabta da ke kallon hayaƙin gidan da ba a shiga suna musu a kan miyar da aka ɗora. Wasu sun ce mai irin wannan makami kujerarsa yake karewa, ya san ranar da ya harba ita ce ranarsa ta ƙarshe. Wasu sun ce haka ne, amma abin tsoron shi ne kuskure: wani ya firgita, wani ya karanta na'ura ba daidai ba, kuma ba mai kiran wani a waya ya tambaya.

Na shiga karatun ne don in kwantar wa tsohuwa hankali, sai ga shi nawa ya tashi. In jirgi ya wuce ta saman sito sai in ɗaga kai. Na rage surutu har wani abokin aiki ya taɓa goshina.

Duk da haka na shirya jawabina, na kira Auta, aka ajiye waya a tabarma.

"Ki gaya wa Inna, ƙasar nan tana da nisan da ko tsuntsu ya tashi daga can, jikansa ne zai iso nan."

Sai muryar Inna daga nesa: "In shi ya ce haka, to bayan gari ce."

Auta ta ƙyalƙyale. Na gyara murya na kawo babbar hujjata, wadda ita kam gaskiya ce tsagwaronta.

"Ki ce mata mutanen nan ba su da rigima da mu. Abokan gabarsu daban ne. Mu nan saye da sayarwa kawai muke yi. Ba wanda ya taɓa su."

Muryar Inna ta sake fitowa.

"Ki ce masa waɗanda suka shiga ƙauyen kawunku da bindiga, su ma ba wanda ya taɓa su."

Na kashe wayar kawai. Ni da aka sani ko liman ya yi sallama ina da ƙarin bayani. Kawun nan namu har yau a ɗakin aro yake zaune a birni, gonarsa ta zama daji.

Ana haka wata rana aka aike ni Port Saeed in raka kaya bakin jiragen katako. Mai kayan wani dattijo ne ɗan Koriya ta Kudu, dillalin kayan gyaran mota, mun saba da shi sama-sama. Muna tsaye a inuwar tulin taya, ana lodi, na ce yau ga mai unguwar da kansa. Da guntun Turancina da nasa na tambaye shi ko su can suna iya barci.

Ya ce a garinsu in an harba makami, mutane su duba waya su wuce wurin aiki. Ya ce tun yana ɗan makaranta ake gaya musu gobe ne, ga shi har ya yi jika. Na ji daɗi, na ce wannan zan kai wa Inna, na ba shi labarinta ina dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce mahaifinsa mutumin Arewa ne. Yana saurayi lokacin yaƙi ya gangaro kudu, ya ce wa uwarsa zai dawo in ƙura ta lafa. Sai aka rufe iyaka. Ba wasiƙa, ba waya, ba matafiyin da zai kawo labari. Ya tsufa ya mutu bai san ranar da ta rasu ba, bai san inda aka binne ta ba. Duk ranar bikinsu sai ya zuba abinci a kwano ya ajiye ta wajen arewa, ya zauna.

"Babana bai taɓa maganar bam ba," in ji shi. "Bam ɗin mu muke maganarsa." Ya dube ni. "Yaushe rabonka da gida?"

Na buɗe baki zan faɗi wani abin dariya, sai na tsaya ina lissafi. Hutun bara na ɗaga shi saboda aiki. Na bara waccan ma haka. Kafin nan annoba ta rufe hanya. Ni ba wanda ya kulle mini iyaka, jirgi na tashi zuwa gida kowane mako.

Daga bakin ruwan na kira Auta. Na ce kada ta ajiye waya a tabarma, ta fita zaure.

"Auta, tsakaninki da Allah, Inna ta taɓa tambayarki ina ƙasar nan take?"

"Ko sau ɗaya."

"To me take tambaya?"

"Saura kwana nawa azumi." Na ji tana jan hanci. "Yaya, ta hana a gaya maka. Idonta ne. An je asibiti, sun ce an makara, sai dai a rage masa gudu. Ta daina tsintar shinkafa tun bara, ni nake karkaɗa tire in ka kira don kada ka gane. Rediyon nan shi kaɗai ya rage mata, shi ya sa ta san labarin duniya fiye da kai."

Ban ce Inna ba ta tsoron bam ɗin ba. Tana tsoronsa, mace ce da ta ga abin da bindiga ta yi wa danginta. Amma matar da ba ta taɓa furta sunana ba, ta yaya za ta buɗe baki ta ce tana so ta ga ɗan fari kafin ganin ya ƙare? Ko a gaban bango ba za ta faɗa ba. Sai da ta jira wata ƙasa a ƙarshen duniya ta ba ta dalilin da ba kunya a cikinsa.

Washegari na sami manaja na nemi hutu. Ya dafa kafaɗata. "Habibi, bayan Sallah. Shwaiya shwaiya, a bi a hankali." Na ce ba zai yiwu ba. Ya ce in na fita yanzu akwai mutum goma a bakin ƙofa. Na ce na sani, ni na buɗe musu da safe. Ya ɗaga hannu ya ce khalas, wato magana ta ƙare. Mutumin ba mugu ba ne, kwantenoni ne a kansa.

A majalisa labari ya riga ni isa. Alhaji ya miƙe tsaye ya sara mini.

"Jama'a, ga mutum na farko a duniya da bam ɗin nan ya kora daga aiki, ba a ma harba ba! Janar ya gudu ya bar runduna!"

"Ja da baya ne na dabara," na ce. "In abin ya sauka, ku turo mini hoto."

Aka yi ta shewa, na bar su a haka. Zancen idon Inna ba na bakin shagon shayi ba ne. Ranar tafiya Alhaji ne ya ja mini akwati har tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga, yana ta zagin Kanawa. Da muka zo rabuwa sai ya zaro ƙullin turaren wuta ya cusa mini a aljihu.

"Ka kai wa tsohuwa. Ni tawa ina Jidda sayen kaya aka kira ni ta rasu." Ya juya da sauri, ko sallama bai tsaya mun yi ba.

Har yau ban sake samun aikin kirki ba. Ina ɗan taɓa dillanci a kasuwar Kwari, wata rana a samu, wata rana a sha ruwa. Ƙasar can tana nan a kulle, masana na nan suna kyautata zato, ni kuma in rediyo ya kawo labarinsu sai in tashi in ba shi wuri.

Na iso gida da hantsi, azumi saura 'yan kwanaki. Na yi sallama na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta. Tana zaune a kan tabarma, ta ƙanƙance, rediyo a cinya. Da jin muryata ta kawar da fuska gefe kamar yadda ta saba, ta amsa gaisuwar a taƙaice, ta ce da Auta a kawo wa baƙo ruwa. Sai a hankali fuskar ta dawo wajen ƙofa. Auta ta riga ta gaya mini a hanya cewa yanzu haske da duhu kawai take rarrabewa.

"Ki ce masa ya matsa," in ji Inna. "Ya cika ƙofar, ya tare mini haske."

Ban matsa ba. Ita ma ba ta sake faɗa ba.