Ba a Hawa Katakon Tanti Benita da Takalmi

Duk wanda ya san Tanti Benita Marcano (Tanti muke ce wa goggo a wajenmu) ya san ba a ja mata magana da tsawo. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, kuma in tana tafiya ba ta ɗaga ƙafa sosai, jan ta take yi a ƙasa kamar mai murje wani abu. 'Yan zamani sun ɗauka tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Haka take tafiya tun tana budurwa, haka kuma duk tsofaffin kwarinmu da suka yi aiki a gandun koko suke tafiya.

A barikin ma'aikatan gandun aka haife ta, can cikin duwatsun da ke bayan garin Arima. Tana yin wayo aka hau da ita ɗakin shanya, wani dogon dandamalin katako mai rufin kwano da ake turawa gefe in rana ta fito, a jawo shi in hadari ya taso. A nan ake baza ƙwayar koko. In ta kusa bushewa sai a tara ta, a yayyafa mata ruwa da jar ƙasa, ma'aikata su hau kai ba takalmi, suna murzawa da tafin ƙafa suna zagayawa har ƙwayar ta yi sheƙi. Rawar koko ake ce wa aikin, amma wanda ya raɗa masa wannan suna bai taɓa yini a kansa ba. Katakon yakan yi zafi har ƙafa ta yi bororo, ga jiga mai shiga yatsun ƙafa a bariki, ga heluma, shugaban leburori, yana yawo a tsakaninsu da takalminsa mai ƙusoshi. Shi kaɗai ke hawa dandamalin da takalmi. In ya ga mutum ya yi sanyi ba ya ɓata bakinsa, bi yake ta kan yatsunsa kamar bai gani ba. Ƙaramin yatsan Benita na hagu har yau a karkace yake.

Wanda ke murza kusa da ita a shekarun nan shi ne Hilario Noriega, dogo mai murya, shi ke ba da waƙa ana amsawa. Ranar da Hilario ya bar gandu ya sami aikin hanya, abin da ya fara saya takalmi ne, ya kuma rantse a gaban jama'a cewa ba ɗan Adam da zai sake ganin tafin ƙafarsa sai mai yi masa wankan gawa. Ya cika alkawari, don ko bakin kogi ya je da takalminsa yake zama. Shi ya tsaya uban baftisma sa'ad da Benita ta haifi 'yarta Marva. Tun daga nan take ce masa Kompai yana ce mata Makome, yadda uwar yaro da uban baftismarsa ke kiran juna a wajenmu, kuma ba su taɓa haɗuwa suka rabu ba tare da musu ba.

Benita ta yi aure, mijin ya riga ta gidan gaskiya, ta reni Marva da sayar da ayaba da ɗinkin tufafin makaranta har yarinyar ta zama nas a birni. Gidanta ɗan ƙarami ne a kan tudu, daɓensa siminti, kuma kowace shekara takan shimfiɗa masa sabuwar leda kamar kowa. A wajenmu Kirsimeti ba ya shiga gida sai an tayar da gidan tsaye. A fitar da kujeru, a yi fenti, a sauke tsohon labule, a shimfiɗa leda mai furanni, ko da kuwa sauran shekara za a yi ta shan ruwan ganye da busasshen burodi.

Da gandun ya mutu aka yanka filinsa za a yi gidaje, sai aka rushe ɗakin shanya, aka ce mai son itacen wuta ya zo ya ɗiba. Tun da asuba Tanti Benita ta je ta hau kan tulin katakon ta zauna, addarta a kan cinya, ba ta motsa ba sai da motar maƙwabcinta ta zo aka loda. Mutane suka yi ta dariya. Marva ma ta ce mata a waya, wane mai hankali ne zai kwaso wurin da ya sha wuya ya kawo falonsa? Tanti ta ce katakon ya ci ƙafarta, ƙafarta ta ci katakon, babu wanda ya fi ta haƙƙi a kansa, ta kashe wayar.

Kafinta Seecharan ne ya shimfiɗa shi a daɓen falonta. Ya goge da samfefa har baƙin shekaru ya fita, jan itacen ya bayyana, sannan ya shafa masa man sheƙi. Aikin ya ja har cikin watan Disamba, ruwa kuwa ya ƙi ɗaukewa. Da zai tafi ya ja mata kunne: sama ya bushe, amma ciki ɗanye ne, kuma da wannan damina sai bayan sabuwar shekara zai yi tauri. Kafin nan kada a ja kujera a kai, kada a rufe shi da komai, kada takalmi ya hau. Duk tabon da ya shiga yanzu ya zauna ke nan.

Daren farko, kafin ta kwanta, ta taka shi da ƙafa ta ji sanyinsa. Ba ta taɓa sanin katakon nan yana da sanyi ba. Abin ya yi mata daɗi har ta ji haushin daɗin.

Marva ta iso ana jibi Kirsimeti, da naɗin sabuwar leda a kafaɗa, ta ce a shimfiɗa a kai a huta da fargaba. Tanti ta ce leda za ta manne wa man, kuma ko ba za ta manne ba, ba ta kwaso katakon don ta ɓoye shi ba. Ledar ta kwana a baranda. Suka shiga gyaran gida irin wanda ba a taɓa gani ba a kwarin. Kowace kujera aka sa wa ƙafafunta tsofaffin safar marigayi mijinta, ɗauka ake yi ba a ja. Tsanin rataya labule aka ɗora shi a kan buhun koko ninki biyu, Marva tana sama, uwar tana riƙe da shi tana mita. Reshen da suke wa ado da auduga a matsayin bishiyar Kirsimeti, wanda ake kafawa a bokitin yashi, aka kai shi kan tebur. Kyandir aka ce ya tsaya a faranti. Zobo kuwa, da ruwan citta da giyar rake, Tanti ta yanke hukunci ba su wuce baranda, don ɗigo ɗaya na zobo ya isa.

Duk wannan Marva ta jure. Abin da ya hana ta sukuni 'yan parang ne, makaɗan da ke bi gida gida da ƙananan jita da caki. Sukan tsaya a ƙofa a rufe su yi waƙar neman a buɗe, kuma kafin waƙar ta ƙare mai gida ya buɗe, su shiga da duk wanda ya biyo su, a yi waƙar haihuwar Yesu, a yi rawa, a ci a sha. Ba a hana su shiga, ba a kuma gindaya musu sharaɗi. Gidan da suka tsallake sai gidan makoki ko gidan da gari ya juya wa baya, kuma in suka tsallake sau ɗaya ba su cika dawowa ba. Shugabansu kuwa Hilario ne.

Marva ta tuna wa uwar haka. Tanti ta ce ta sani, ta jawo dogon benci ta ajiye a gindin matakala, ta aika a gaya wa Kompai cewa ƙofarta a buɗe take ga kowane mai ƙafa, amma takalmi zai jira a waje. Amsa ta dawo kafin ruwan shayi ya tafasa. Hilario ya ce a gaya wa Makome ko a coci bai cire ba.

Suka iso ranar Kirsimeti da la'asar, ruwa ya ɗan tsagaita, hanya duk caɓi. Tun daga nesa ake jin caki. Maza da takalman aiki, mata da masu tsini, kowa ya ci ado ya kuma taka laka. Suka cika tsakar gida, Hilario a gaba da hularsa, suka ɗauki waƙar ƙofa. Waƙa ta ƙare, ƙofa tana rufe. Suka kalli juna suka sake ɗauka daga farko, wannan karon da ƙarfi. Tanti tana tsaye a bayan ƙofa, hannu a ƙugu, ƙanshin naman alade da na dafaffen ƙullin masara a ganyen ayaba ya cika gidan. Waƙar ta sake ƙarewa.

"Makome," in ji Hilario, "kurumta ce ta kama ki? Kirsimeti ne a ƙofarki."

"Ina ji, Kompai," ta amsa ta taga. "Muryar ma ta fara tsufa. Ga benci nan, a zauna a cire."

Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya cire hula ya yi magana yadda kowa zai ji. Ya ce sun yi shekaru ba takalmi don ba su da shi ne, ba don suna so ba. Ya ce ta je ta kwaso katakon wahala ta shafa masa mai, yanzu tana so ta mayar da dattawan gari 'yan bariki a ranar Kirsimeti. Ya ce in katako ya fi mata mutane, to ta ci Kirsimetinta da katako. Ya mayar da hula ya juya, makaɗa suka fara juyawa tare da shi.

Marva ta riƙe hannun uwar tana cewa, Mami, don Allah, daɓe ne kawai, a sake gogewa. Tanti ta ga Kirsimetin baɗi da na bayansa, ita kaɗai a kan tudu tana jin kiɗa yana wuce ta. Ta ji tsoro sosai, amma ta ƙi barin tsoron ya yanke mata shawara. Ta zare sakata ta wangale ƙofar, hasken la'asar ya faɗa kan katakon, ta tsaya a bakin ƙofa da ƙafarta tsirara.

"Hilario," ta ce, ba Kompai ba. "Juyo ka duba kafin ka tafi. Ka san katakon nan. Faɗa wa yaran nan wa ka taɓa gani a kansa da takalmi."

Ya tsaya, ya juyo.

"Mutum ɗaya ne," ta ce. "In kai ka gaje shi, shigo. Ga yatsan nan, ka ƙarasa shi."

'Yan samarin ba su gane zancen ba, amma tsofaffin sun gane heluma take nufi, don kowannensu ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa. Wata tsohuwa da ta yi rawar koko tare da su ce ta fara zama a benci, ta zare takalminta mai tsini tana cewa dama ya dame ta tun a coci. Wasu suka bi ta. Hilario ya daɗe a tsaye. Can ya miƙa wa na kusa da shi jitarsa, ya zauna a ƙarshen benci, ya juya wa mutane baya ya fara kwance igiya. Ba wanda ya taimaka masa, ba wanda ya yi masa ba'a. Ƙafafun da suka fito sun yi fari fat, yatsun a murɗe, babban na dama ba farce.

Tanti ta ajiye tsumma a kan matakala ta ce kowa ya goge. Hilario ya goge, ya karɓi jitarsa, ya shiga yana takawa a hankali. Bai tsaya a tsakiya ba. Ya nufi wajen taga, inda wani katako mai baƙin gaɓa yake, ya ɗora tafin ƙafarsa a kan gaɓar. Nan ne wurinsa a da, ita kuma tana hagunsa.

"Kin sa an juya shi," ya ce. "A da, gabas gaɓar take kallo."

"In ka sami naka ka shimfiɗa yadda kake so," ta ce.

Ya yi tsaki, ya buga jita. Ba waƙar coci ya ɗauka ba, tsohuwar waƙar ɗakin shanya ce, wadda ba a ji ba tun kafin a haifi Marva. Tsofaffin suka amsa. Ba wanda ya yi tsalle, ba wanda ya buga ƙafa. Ƙafafun da kansu suka koma murza, suna ja suna zagayawa, kafaɗa kusa da kafaɗa, 'yan samarin suna kallo suna kwaikwayo. Tanti ta shiga layi a hagun Hilario. Hawaye ya zo mata, ta bar shi ya zubo, don wannan ne karo na farko da ta yi rawar nan ba wanda ke tsaye a kanta.

Marva ma kuka take yi don murna. Ta ruga baranda ta ɗauko tulun zobo da kofuna a faranti, ta nufo masu rawa. Ƙafarta ɗaya ta riga ta hau katakon sa'ad da uwar ta hango ta. Tanti ba ta daina murzawa ba, ba ta ma share hawayen ba, ta dai nuna ƙofa da haɓa.

"A baranda," ta ce.