Wuƙar Nowel ta Manzo

Duk mai lambun albasa daga Tawa zuwa Kalfu ya san Manzo mai gyaran injin ban-ruwa. Kirista ne, ƙafarsa ɗaya, kuma dariyarsa takan riga shi isa bakin titi. Amma akwai shekaru uku da ko haƙoransa ba a gani ba.

Wata ranar kasuwa ya hau moto, wato babur ɗin kabu-kabun maƙwabcinsa Zakari, rungume da inji. Jaki ya gitta, Zakari ya kauce, suka faɗa rami. Zakari ya tashi da ƙurjewa, Manzo kuwa a asibiti aka yanke masa ƙafar hagu.

Kafin nan gidajen biyu kamar ɗaya suke. Da layya, nama yakan shigo daga gidan Zakari. Da Nowel kuma, wato Kirsimeti, Zakari ke yanka wa Manzo akuya, don maƙwabta Musulmi su ci ba tare da shakka ba. Layyar farko bayan hatsarin aka aiko da cinya sukutum, Manzo ya ce a mayar. A nan ƙasar Adar, wanda ya maido maka kwano da abincinsa ya gama zaginka. Zakari ya haɗiye, shekara ta kewayo ya sake aikowa. Sau uku kwanon na zuwa, sau uku yana komawa.

Lahadi kam ba ta wuce Manzo. Yana zuwa majami'a da sandunansa, ya zauna a layin gaba. Sai dai matarsa Salamatu ta lura da wani abu: in ana addu'ar Ubangiji, da an kai wurin neman gafara kamar yadda muke yafe wa wasu, sai bakinsa ya tsaya, sai an wuce ya kama.

Wata Lahadi suna hanyar gida ta ce, "Maigida, injin da ka cire wa ƙusa guda, yana jan ruwa?"

"Mi kike nufi?"

"Addu'arka nike nufi. Shekara uku tana ƙara, ba ruwa."

Ya wuce wurin aikinsa. Ya wuni a runfa da sifana a hannu, ko ƙusa bai kwance ba. Shi da yake ganin shi aka cuta, ranar ya gane shi ma yana da laifin da zai tuba a kai. Durƙuso ya fi ƙarfinsa, sai ya kifa goshi a kan benci ya yi addu'ar tun daga farko har ƙarshe, bai tsallake komai ba.

Jajiberin Nowel ya wasa wuƙa, ya soke ta a ɗamara, ya dogara sanduna har ƙofar Zakari. Ya san in Zakari ya ƙi, da gaskiyarsa. Zakari ya fito, ya ga wuƙa, ya ja da baya.

"Yaya Manzo, lahiya?"

"Kai, matsoraci! Da ƙafa guda zan kore ka? Akuya ce ke jiranka." Sai ya miƙa masa wuƙar. "Na maido maka kwano sau uku, Zakari. Ka yahe mini."

Zakari ya rufe fuska da hannun riga. "Ni fa na kada kai, Yaya."

"Jaki ya kada mu. Taho, rana na yi."

Zakari ya karɓi wuƙar, ya gwada kaifinta da babban yatsa, ya shige gaba.

Tun daga nan dariyar ta dawo. Ƙafa ba ta tsiro ba, dungun kuma yana masa zogi duk lokacin sanyi. Amma in ka tambaye shi yaya jiki, sai ya ce, "Godiya ga Yesu, hannu biyu, ido biyu, ga maƙwabci. Mi ya rage?" Da damina ta janye, Zakari ke kai shi lambuna a bayan moto, Manzo na dukan kafaɗarsa yana cewa, "A hankali, malam, guda ta rage!"