Wandunan da Rabi ta hana a rage

Yau likita ya ɗora ni bisa sikeli, ya ce na yi ƙiba, in rage ci. Na yi dariya, sai kuma hawaye. Matata Rabi na tuna, Allah ya jiƙan ta.

Ina koyarwa a lakwal, makarantar boko ta garin Buza, zamanin ƙuruciyarmu, anka yi mini aikin ciwon daji a Yamai. Na komo gida ƙashi da fata, ko buta ban iya ɗauka da hannu guda. Wandunan aikina duk sunka zama buhu. Ran kasuwa na naɗe su zan kai ma tela, Rabi ta tare ni bakin zaure.

"Malam, ina za ka da su?"

"A rage su, Rabi. Jikin da ya tahi ba shi komowa."

"Ba mai sa musu almakashi. Kai za ka cika su, in Allah ya yarda."

Haka na ci gaba da ɗaure su da igiya. Kullum da hantsi ta dama hura da nonon akuya, ta zamna gabana sai na shanye, ko zuciyata na tashi. Da marece ta raka ni mu taka har bakin fadama.

Bayan damana biyu, wata Juma'a na sa wando ba igiya, ya zamna daram. Ta rangaɗa guɗa har maƙwabta sunka leƙo.

Yanzu abinci na nan, amma babu mai zama gabana ta ce in ƙara. Ku hwa, wa ya tsaya muku lokacin da kunka rasa ƙarhi?