Naman da Na Hana Matar Ɗana

Ranar da abin ya faru mu biyar ne a tsakar gidanmu na Nima: ni, da babban ɗana direban motar haya ta trotro, da matarsa mai cikin wata bakwai, da ƙanwar marigayi mijina, sai maƙwabciyarmu mai koko, wadda ke rubuta mini wannan yanzu, don ni ban taɓa riƙe biro ba. A lokacin ludayin gidan a hannuna yake. Mijina mahauci ne har ya rasu, saboda haka ba wanda ya isa ya koya mini rabon nama. Tsoka biyu ga namiji, ɗaya ga baƙo, mata su sha romo. Mai ciki kuwa ko ƙashi ba na bari ta tsotsa, domin kakata ta ce nama ke girmar da ɗa a ciki har haihuwa ta gagara. Haka aka yi mini, na kuma haifi shida.

Allah ya sani ba ƙin yarinyar nake ba, a ganina kare ta nake yi. Soyayyen naman layya na kulle shi a ɗakina. In ta dawo ta gefen mai tsire sai na shinshina hannunta. Ba abin da ke wuce idona a gidan nan. Na ga leɓenta ya koɗe. Na ga tana haki a kan bokiti ɗaya na ruwa, na ce lalacin 'yan zamani ne. Na kama ta tana taunar ayilo, farar ƙasar nan ta kasuwa, na ƙwace na yi mata faɗa. Da ta ce a wurin awo an gaya mata jininta ya yi ƙasa, ta riƙa cin nama tana shan ƙwayoyi, sai na ce masu awon nawa suka haifa? Ƙwayoyin ma da suka tayar mata da zuciya, ni na ce ta bari.

A ranar, tana cikin tuƙa tuwo muciya ta suɓuce mata, ita ma ta zube a gefen murhu. Mota ba ta shiga lungunmu, ɗana ne ya ɗauke ta a hannu har bakin titi, mu uku muna biye muna salati. A asibiti sai da aka ƙara mata jini. Wata nas, sa'ar 'ya'yana, ta tambayi wa ke girki a gidan, na ce ni ce. Ta ja fatar idon yarinyar ta nuna mini, fari fat. Ta ce, "Mma, ba ɗan ne ya yi girma ba, uwar ce ke ƙarewa." Ta ce a riƙa ba ta jan nama marar kitse, daidai gwargwado, sau biyu ko uku a mako, a dafa shi ya nuna sosai, a haɗa da wake da ganye da lemo, ta kuma koma kan ƙwayoyinta. Ɗana mai cin kitse kullum, shi ne ma ta ce ya rage. Da yarinyar ta farfaɗo ta gan ni, abin da ta fara cewa shi ne, "Mma, ki yi haƙuri, tuwon ya ƙone ko?"

Ta haihu lafiya daga baya, ba don wayona ba. Iyaye mata 'yan'uwana masu riƙe da ludayi, abin da muka gada ba duka ne daidai ba, kuma don mu mun tsira ba ya nufin wata za ta tsira. In an ce jinin mai ciki ya yi ƙasa, ku ji maganar masu awo. Ni na ga komai da idona, ban gane ko ɗaya ba.

Washegarin ranar da ta faɗi, da sassafe na tafi wajen mahauta. Tsohon abokin aikin mijina ya ɗauko kitse zai yi mini gyara kamar kullum, na ce ya ajiye, tsoka zalla nake so. Na dafa ta da ganyen kontomire, wato ganyen gwaza, na kai asibiti da kaina. Ina buɗe kwano ɗana ya miƙo hannu yadda ya saba. Na buge hannun, na tura kwanon gaban matarsa, na ce masa, "Yau kai za ka sha romo."