Mota Mai Ruwan Toka

Shekara talatin da huɗu Mai Fenti ya yi yana fesa wa motoci launi, har ƙirjinsa ya fara ƙugi, likita ya ce ya haƙura. Sai ya koma duba wa mutane mota ta hannu kafin su saya. Ba ya buɗe inji, wannan aikin makanike ne. Shi jiki yake dubawa: ya bi kwanon da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa, ya gaya maka inda aka taɓa bugewa da inda aka yi ciko. Dillalai ba sa ƙaunar ganinsa. Masu saye kuwa, in ya ce "ɗauka", magana ta ƙare. Wannan amana ita kaɗai ta rage masa a duniya, kuma da ita yake ci.

A rumfar garejin da yake zama akwai masu son mota da ke yini suna musu, rabinsu ko keke ba su ajiye ba. Wannan ya ce fara ta fi saurin sayuwa, wancan ya ce baƙa ce ta manya, sai dai kullum wanka kamar jariri. Ja kuwa, sun yi ittifaƙi ta masu son a kalle su ce. Mai Fenti yakan saurara kawai, yana tari.

Wata rana surukinsa, mijin autarsa, ya shigo da dillali a wata mota. Malamin makaranta ne, ya gaji da ɗora mata da yara uku a babur ɗaya.

"Baba, a duba mana. Har yaran sun raba wurin zama."

'Yan rumfa suka taso suna yabo, wai ruwan toka ba ya nuna datti. Mai Fenti kuwa tun daga nesa ya gane launin. Ruwan tokan nan da ɗan kore a cikinsa, babu kamfanin da ke yin sa. Shi ya haɗa shi da hannunsa, shekara tara da suka wuce, lokacin da wani mai gareji ke sayen motocin da suka yi mummunan hatsari, ya yanke gaban wannan da bayan waccan, mai walda ya liƙa, shi kuma ya rufe da fenti. Ya san irin wannan mota: ranar da ta ci karo, biyu take rabewa.

Ya ɗora hannu a rufin, ya bi a hankali. Sumul, ba tudu ba kwari. Aikin ya yi kyau har ya ba shi kunya. Duk garin ba mai gano ɗinkin nan da hannu, har shi kansa. In ya ce a fasa, dillali zai ce ya nuna aibin, kuma ba shi da abin nunawa sai kansa.

"Kar ka saya," ya ce. "Mota biyu ce aka haɗa."

Dillali ya yi dariya. "Haba dattijo! Nuna mana wurin."

"Ɗaga kafet, ƙarƙashin kujerar baya. Ni na rufe shi."

Aka ɗaga. Ga walda nan ta ratsa daga ƙofa zuwa ƙofa, tsatsa ta fara cin ta. Mutanen da suka sayi mota da bakinsa suka kasa kallonsa, shi ma bai nemi idon kowa ba. Dillali ya ja motarsa yana ƙunƙuni, ya tafi neman wani mai saye.

Surukin ya durƙusa kusa da shi, ya rage murya.

"Baba, guda nawa kuka yi irinta?"

"Bakwai."

"Sauran shidan fa?"

Mai Fenti ya juya ya dubi titi. Lokacin tashi daga makaranta ne, motoci na ta wucewa cike da yara.

"Ban sani ba," ya ce.